Darasin lafiya: sana'ar ergo, mai maida majinyaci ga aikinsa



Darasinmu na yau ya shafi wata sana'a ta asibiti wadda mutane da yawa ba su taɓa jin sunanta ba. Kowa ya san likita, ya san malamin asibiti mai yin allura, ya san ungozoma. Amma akwai wani ma'aikaci wanda aikinsa ke farawa inda na waɗannan ya tsaya. Idan ciwo ya wuce, ya bar wa mutum rauni a hannu, ko a ƙafa, ko a tunani, shi ne ke koya masa yadda zai koma ga ayyukansa na yau da gobe. Ya ci abinci da hannunsa, ya sa rigarsa, ya je makewayi, ya riƙe hauyarsa. Mace kuma ta koma ga girkinta da sana'arta.

Za mu duba abu huɗu: mece ce wannan sana'a, su wa ke bukatarta, yaya ake koyonta, kuma me wanda ya koye ta zai tarar bayan ya gama karatu.

1. Sunan sana'ar da asalinta

Da Faransanci ana ce mata ergoterapi. Sunan ya fito daga harshen Girka: ergo na nufin aiki, terapi na nufin jinya. Ke nan, jinya ta hanyar aiki. A asibiti ana taƙaita sunan mai yin ta a ce ergo, kamar yadda ake ce wa mai motsa gaɓoɓi kine. Mu ma haka za mu kira shi cikin wannan darasi.

A wurin ergo, aiki shi ne duk abin da ke cika ranar mutum. Ya kasu uku. Na farko, kula da kai: wanka, alwala, ci da sha, sa tufafi, zuwa makewayi. Na biyu, neman abinci: noma, kiwo, daka, ɗinki, ƙira, talla, karatu. Na uku, zaman jama'a: zuwa kasuwa, biki da suna, hira a dandali, da wasa ga yara. Wanda ciwo ya raba da waɗannan bai gama warkewa ba, ko da an sallame shi daga asibiti.

An kafa ƙungiyar farko ta masu wannan sana'a a ƙasar Amurka cikin 1917, lokacin yaƙin duniya na farko. Sojoji da yawa sun dawo gida da raunuka, sai aka ga cewa waɗanda aka ba aikin hannu, kamar saƙa da sassaƙa, sun fi saurin farfaɗowa. Cikin 1952 aka kafa tarayyar masu sana'ar ta duniya, wadda ake kira WFOT. A Faransa an buɗe makarantu biyu na farko cikin 1954, a biranen Nansi da Liyon, kuma gwamnati ta kafa diplomar sana'ar cikin 1970. Tun daga 2010, ranar 27 ga watan Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar wannan sana'a a duniya.

2. Bambancinsa da abokan aikinsa

Mu ɗauki misalin manomin da amalanke ya faɗa masa a hannu, har aka yanke masa yatsu biyu.

Likita zai yi masa aiki, ya rubuta magani. Malamin asibiti zai wanke ciwon, ya ɗaure shi. Kine zai motsa gaɓoɓin don kada su sandare, ya ƙara wa hannun ƙarfi. Da a ce hannun ko ƙafar aka yanke gaba ɗaya, da mai ƙera gaɓoɓin roba zai auna shi ya yi masa wata.

Shi kuwa ergo tambayarsa ita ce: da yatsu uku, yaya wannan bawan Allah zai riƙe hauya kafin ruwa ya sauka? Sai ya sa a kawo hauyar. Ya duba ƙotarta, ya ƙara mata kauri, ya sa mata maɗauri na fata wanda zai zagaye bayan hannu. Daga nan ya sa manomin ya riƙa gwadawa kaɗan-kaɗan har hannun ya saba.

Waɗannan ma'aikata tare suke aiki, kowa da nasa rabon. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

3. Su wa ke bukatarsa?

Cikin 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce mutum 16 cikin 100 a duniya na rayuwa da naƙasa mai nauyi, wato kusan mutum 1 cikin 6. Hukumar ta kuma ce kusan mutum 1 cikin 3 na da wani ciwo wanda gyaran jiki da koyon aiki za su amfane shi. A nan Nijar, ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum 42 masu naƙasa cikin kowane mutum 1000.

Mun san waɗannan mutane, don a gidajenmu suke. Ga wasu daga cikinsu:

Wanda hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki.

Wanda kuturta ta kashe masa ji a hannu da ƙafa.

Yaron da ya faɗa wuta lokacin hunturu, ko tafasasshen ruwa ya zube masa, fata ta tattare yatsunsa.

Yaron da ya sha wahala wajen haihuwa, ko sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, har ya kasa zama ko riƙe abu.

Saurayin da ya yi haɗarin kabu-kabu, ko ya faɗo daga itace ko cikin rijiya, ƙashin bayansa ya karye.

Manyan da shan inna ta kama tun suna yara. An bayyana cikin watan Agusta na 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, amma waɗanda ta riga ta naƙasa suna nan tare da mu.

Tsoho ko tsohuwar da ido ya rage gani, ƙafa ta yi nauyi.

Mai taɓin hankali da ya sha magani ya samu sauƙi, amma ya rasa abin yi.

Idan magidanci ya kwanta, gida duka ne ya kwanta. Matarsa ta bar sana'arta don jinya. A fitar da ɗiya daga lakwal ta zauna da shi. Gona ta yi ciyawa, rumbu ya ƙare kafin kaka. Daga ƙarshe wasu sukan koma bara a bakin hanya, alhali da an koya musu dabara kaɗan, da sun ci gaba da cin guminsu.

4. Yadda yake aikinsa

Ergo yana bin mataki biyar. Na ɗaya, ya saurari majinyaci da iyalinsa: me kake yi kafin ciwo, me ka fi so ka koma yi? Na biyu, ya auna abin da jiki ke iyawa da abin da ya gagara. Na uku, su daidaita a kan buri guda wanda za a iya cimma, misali cin tuwo ba tare da an ba shi a baki ba kafin wata guda. Na huɗu, a shiga aiki. Na biyar, a sake aunawa, a ga abin da ya canza.

Wajen aikin kansa, hanyoyinsa uku ne: ya koya wa mutum sabuwar dabara, ko ya gyara kayan aiki, ko ya gyara wurin zama. Ga misalai.

Mai shanyewar ɓarin jiki. Wajen sa riga, a fara da hannun da ya mutu. Wajen tuɓewa, a fara da hannu mai lafiya. Kada a ja hannun da ya mutu wajen tada shi, don kafaɗa tana iya gocewa ta yi ciwo mai tsanani. A naɗa wa cokali ko ludayi tsumma ya yi kauri, ya fi sauƙin riƙewa. Iyali su bar shi ya yi duk abin da zai iya da kansa, ko da zai ɗauki lokaci. Tausayin da ke yi wa mutum komai yana ƙara kwantar da shi.

Mai kuturta. Maganin kuturta kyauta ne, ana shan shi wata 6 ko wata 12 bisa ga irin ciwon, kuma yana kashe ƙwayar cutar. Amma jin da ya riga ya mutu a hannu sau da yawa ba ya dawowa. Mutum zai ƙone ko ƙaya ta soke shi bai sani ba, ciwon ya ruɓe, yatsa ya lalace. Saboda haka ergo ke koya masa ya duba hannuwansa da ƙafafunsa kowane marece. Ya jiƙa su cikin ruwa kamar minti 20, ya kankare kantar a hankali, ya shafa mai. Ya goge ƙotar hauya ta yi sumul, ya naɗa mata tsumma ko robar tayar keke. Mace ta riƙa sauke tukunya da tsumma mai kauri. Kuma kada su yi tafiya ba takalmi.

Yaron da ya ƙone. Da farko a zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20, kada a shafa komai, a kai shi asibiti. Yayin da ciwon ke warkewa, yaro yakan dunƙule hannu don ya fi jin daɗin haka, fata kuma ta warke a dunƙule. Ergo yana ƙera masa ɗan madogari wanda zai riƙe yatsu a miƙe, ya koya wa uwa yadda za ta murza tabon da mai, ya ba yaron wasannin da za su sa ya buɗe hannu. Tabon ƙuna yana ci gaba da tattarewa har shekara ɗaya ko biyu, don haka ba a barin wannan aiki da wuri.

Yaron da ba ya iya zama. Ergo yana sa a yi masa ƴar kujera mai kusurwa wadda za ta tallafe bayansa da gefunansa. Idan ya zauna, yana ganin mutane, hannuwansa kuma sun samu damar wasa. A ba shi abinci a zaune, kansa ya ɗan sunkuya gaba, loma ƙanana. Kada a yi masa ɗura a kwance, don kunu yana iya bin hanyar numfashi ya sa masa ciwon huhu.

Wanda ƙashin bayansa ya karye. Tun da ba ya jin ƙasan jikinsa, kwanciya wuri ɗaya tana buɗe masa gyambo. A juya shi duk bayan awa 2, dare da rana. A sa masa matashi mai laushi a kan keke. A yi masa kujera mai rami a kan makewayi. A faɗaɗa ƙofa, a yi gangara maimakon dakali: idan tsayin dakalin santimita 10 ne, tsawon gangarar ya kai santimita 120.

Mai taɓin hankali. Bayan magani, yana bukatar rana mai tsari: lokacin tashi, lokacin wanka, ban ruwa a garka, kiwon awaki, saƙar tabarma. Aiki yana kwantar da hankali, yana kuma maido wa mutum daraja a idon jama'a.

Duk waɗannan misalai ba su bukatar na'ura mai tsada. Abin da suke bukata shi ne mutumin da ya san jiki, ya kuma san rayuwar ƙauye.

5. Yadda ake koyon sana'ar

Hanyar tana da tsawo. Yaro zai yi shekara 6 a lakwal ta firamare, shekara 4 a kolej ya samu BEPC, shekara 3 a lise ya samu BAC. Wanda ya bi fannin kimiyya ya fi samun sauƙi, don karatun ya dogara a kan sanin jikin ɗan Adam. Bayan BAC sai karatun sana'ar kanta, daga shekara 3 zuwa 5, bisa ga ƙasa da makaranta.

Ga abin da ɗalibi ke koyo: ƙasusuwa da jijiyoyi da yadda suke aiki, cututtukan da ke kawo naƙasa, yadda yaro ke girma daga goyo zuwa tafiya, sanin halayyar ɗan Adam da cututtukan tunani, ƙera madogaran hannu da kujeru, da yadda ake rarraba aiki guda a gano inda ya gagari majinyaci. Daka, alal misali, tana bukatar tsayuwa, da riƙo, da ɗaga kafaɗa, da numfashi mai kyau. Sai an san wanne ne ya gaza kafin a san gyaransa.

Tarayyar WFOT ta shar'anta cewa ɗalibi ya yi aƙalla awa 1000 yana aiki da majinyata na gaske, ƙarƙashin idon wanda ya ƙware. Tana kuma riƙe da jerin makarantun da ta amince da karatunsu.

A Afirka, ƙasar Afirka ta Kudu ce ta fara wannan karatu, cikin 1943. Kenya ta fara cikin 1968, Yuganda cikin 1994, Ruwanda cikin 2014. Kusa da mu, jami'ar Gana da ke Akara ta buɗe nata cikin 2012, kuma karatun shekara 4 ne. A Najeriya ana koyar da shi a jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, da wata makarantar gwamnatin tarayya da ke Oshodi a Legas. A Gana da Najeriya da Ingilishi ake karatun, don haka ɗanmu da ya yi lakwal da Faransanci sai ya fara koyon wannan harshe. Da Faransanci kuwa, Maroko ta buɗe nata a birnin Rabat cikin 2017, shekara 3 bayan BAC. A Faransa ma shekara 3 ne.

Akwai kuma sana'o'i ƴan uwanta. Makarantar ENAM ta birnin Lome a Togo tana horar da kine, da masu ƙera gaɓoɓin roba, da masu gyaran magana, kuma ɗalibai daga ƙasashe masu amfani da Faransanci suna zuwa can.

Ban da takarda, sana'ar tana son hali. Tana son haƙuri, don majinyaci yakan yi wata uku kafin ya kai loma bakinsa. Tana son kunne mai sauraro, da hannu mai fasaha, da riƙon sirri. Tana son wanda ba ya ƙyamar gyambo. Wanda ya tashi a ƙauye yana da abin da makaranta ba ta koyarwa: ya san nauyin guga da taɓarya, ya san bambancin noman tsaye da na duƙe, yana jin harshen majinyaci ba sai an yi masa tafinta ba.

Muna jawo hankalin iyaye game da ɗiya mata. A duniya, mafi yawan masu wannan sana'a mata ne. Mu ma muna da babbar bukatarsu, don akwai maganar wanka, da makewayi, da goyo, wadda mace ba za ta iya faɗa wa namiji ba. Ɗiyar da aka bari ta yi karatu har BAC tana iya zama wadda za ta tada uwar wani daga shimfiɗa.

6. Bayan karatu, ina aiki?

Bukata tana da yawa, masu sana'ar kaɗan ne. OMS ta ce a ƙasashe da yawa masu ƙaramin ƙarfi, ƙwararrun masu gyaran jiki ba su kai 10 ba ga mutum miliyan 1. Wato ma'aikaci guda ga mutum fiye da dubu 100. Kuma bukatar ƙaruwa take yi: jama'a na ƙaruwa, babura sun yawaita a kan hanya, hawan jini da ciwon sukari sun shigo har ƙauye, magani kuma yana ceton mutanen da a da mutuwa suke yi, sai su rayu da rauni.

Hukumomi sun fara lura da wannan. Cikin 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya game da haƙƙin masu naƙasa. Cikin watan Disamba na 2019 aka kafa dokar ƙasa game da shigar da masu naƙasa cikin harkokin jama'a. Cikin 2017 OMS ta yi kira ga ƙasashe da su ƙarfafa aikin gyaran jiki kafin 2030, kuma cikin watan Mayu na 2023 babban taronta ya yanke shawarar a sa wannan aiki cikin tsarin kiwon lafiya na kowace ƙasa.

Wuraren da irin wannan aiki ke da gurbi a ƙasarmu sun haɗa da manyan asibitocin Yamai da Damagaram, inda aka kafa sassan motsa jiki da ƙera gaɓoɓin roba. Akwai asibitin yara na CURE da aka buɗe a Yamai cikin 2010, mai gyaran ƙafar da aka haifa a karkace da tabon ƙuna. Akwai asibitin Danja kusa da Maraɗi, wanda ya daɗe yana kula da masu kuturta. Akwai asibitin Galmi a jahar Tawa, wanda aka kafa cikin 1950. Ban da asibiti, akwai makarantun makafi da na kurame, da ƙungiyoyin masu naƙasa, da ƙungiyoyin agaji.

Sai dai dole mu faɗi gaskiya: yawan bukata daban, yawan guraben albashi daban. Sana'ar da jama'a ba su sani ba, ba a saurin buɗe mata gurbi. Wanda ya dawo da wannan diploma yana iya yin jira kafin a ɗauke shi. Yana iya samun kansa shi kaɗai a asibiti, ba wani babba da zai tambaya. Sai ya bayyana wa likitoci da majinyata amfanin aikinsa, sau da yawa, kafin su fara turo masa mutane. Wanda ke neman kuɗi da sauri, wannan ba hanyarsa ba ce. Amma waɗanda suka fara su ne za su kafa sassa a asibitoci, su ne kuma za su koyar da na baya. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin iyali su tura yaro, muna ba su shawara huɗu. Na ɗaya, yaron ya je asibiti ya ga aikin gyaran jiki da idonsa, ya yi magana da masu yin shi. Na biyu, a tambayi ma'aikatar lafiya da ta ilimi mai zurfi ko gwamnati ta yarda da diplomar makarantar da ake nufi, kafin a biya ko dala. Na uku, a je hukumar ANAB, mai kula da tallafin karatu, a ji sharuɗɗanta. Na huɗu, a zauna a yi lissafin kuɗin makaranta, da ɗaki, da abinci, da mota, da littattafai na dukan shekarun, ba na shekarar farko kaɗai ba. Kada a sayar da gona a kan alkawarin baki.

7. Mu da ba mu kai BAC ba fa?

Mu ma muna da rabonmu. Tun bayan taron Alma-Ata na 1978, OMS ta ɓullo da tsarin gyaran jiki a cikin jama'a, wanda da Faransanci ake taƙaita shi RBC. A wannan tsari, ana koya wa mutanen gari dabarun farko, su riƙa bin gidaje, su koya wa iyalai, su tura wanda ciwonsa ya fi ƙarfinsu zuwa asibiti. Wanda ya iya karatu da rubutu da Hausa yana iya riƙe littafi, ya rubuta sunan majinyaci, da abin da aka koya masa, da ranar komawa asibiti. Ga amfanin karatun manya a fili.

Masu sana'ar hannu kuma su ne hannun daman ergo. Maƙeri ya gyara hauya. Masassaƙi ya yi kujerar yaro da sandar dogarawa. Baduku ya ɗinka takalmi mai laushin ciki ga mai kuturta. Tela ya faɗaɗa wuyan riga, ya sa manyan maɓallai. Mai walda ya ƙera keke mai ƙafa uku. Magini ya yi gangara a ƙofar lakwal da asibitin gari. Idan ergo ya auna ya zana, su ne za su yi, da kayan da ke kasuwarmu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Amma kowa ya san iyakarsa. Kada wanda bai koya ba ya miƙe gaɓar da ta sandare da ƙarfi, don yana iya karya ƙashi. Kada a ɗaura madogari a bar shi kwana da kwanaki ba a duba fata ba. Idan wuri ya yi ja, ko ya kumbura, ko ya fara wari, a koma asibiti.

Abin da za mu riƙe

Warkewa ba ta cika ba sai mutum ya koma ga aikinsa.

Da wuri ake fara gyara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kada mu ɓoye yaro mai naƙasa a ɗaki. Mu kai shi asibiti, mu kai shi lakwal.

Sana'ar ergo tana bukatar BAC da karatun shekara 3 zuwa 5. Maza da mata duka suna iya yin ta.

A bincika makaranta kafin a biya kuɗi.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mene ne bambancin aikin kine da na ergo?
2. Wane hannu mai shanyewar ɓarin jiki zai fara sa wa riga?
3. Me ya sa mai kuturta zai duba hannuwansa da ƙafafunsa kowane marece?
4. Su wa ke bukatar wannan taimako a garinku? Wane mai sana'ar hannu ne zai iya yi musu wani abu a wannan mako?

Lissafi

1. Yarinya ta yi shekara 6 a firamare, 4 a kolej, 3 a lise, 3 a makarantar ergo. Shekara nawa ke nan duka? Idan ta shiga lakwal tana da shekara 7, shekarunta nawa ranar da za ta gama?
2. Idan akwai masu naƙasa 42 cikin mutum 1000, nawa za a samu a gari mai mutum 3000?
3. Ɗalibi yana aiki awa 8 a rana. Kwana nawa zai yi kafin ya cika awa 1000?
4. Dakalin ƙofar lakwal yana da tsayin santimita 30. Santimita nawa tsawon gangararsa zai kai?

Ku karanta wa maƙwabtanku wannan darasi, musamman gidan da ke da majinyaci a kwance, da gidan da ke da yaro a lise. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu damina mai albarka.